Littafin Da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Sunan Na-Gama ba iyayensa suka raɗa masa ba, 'yan guruf ɗin karatu ne. Duk ranar da aka sanar da littafin wata a waya, kafin wasu su gano shagon da ake sayar da shi, sai ka ga saƙonsa ya faɗo: "Na gama." Tun ana mamaki har aka daina, sunan kuwa ya bi shi har layinsu, inda yake da shagon fotokwafi da ɗinkin takardu, tsakanin mai aski da mai kemis.

Gaskiyar magana, wadda daga shi sai Allah sai matarsa suka sani, ita ce Na-Gama bai taɓa kai littafi ƙarshe ta hanyar da mutane suke kaiwa ba. Yana da tasa hanyar: bangon baya, babin farko, babin ƙarshe. Tsakiya kuwa a wurinsa hanya ce kawai, kuma wanda ya san inda mota ta tashi ya san inda ta sauke ba ya bukatar ƙirga ramukan titi. Da wannan dabara ya yi shekara uku yana rubuta wa jama'a cewa "marubucin ya yi ƙoƙari, sai dai tsakiyar ta ɗan yi sanyi," maganar da ba ta taɓa ba shi kunya ba, don babu littafin da tsakiyarsa ba ta ɗan yi wa wani sanyi.

Ba don mutanen guruf yake wannan wahala ba. Don mutum ɗaya yake yi, surukinsa, tsohon malamin makaranta wanda kowa a guruf yake ce wa Baba. Ranar da Na-Gama ya fara zuwa gaishe shi, ya tarar da falo kanta-kanta na littattafai har silin, sai bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Ai ni ma Baba, rana ba ta faɗuwa ban yi shafi hamsin ba." Fuskar tsohon ta yi haske irin wanda Na-Gama bai taɓa gani a fuskar wani saboda shi ba. Baba ya ba shi 'ya, sannan ya haɗa masa da wani tsohon littafi mai shafi ɗari bakwai da arba'in da biyu, labarin wasu dangi da suka yi shekara sittin suna gina gada, ya ce a duk falon nan babu wanda yake so kamarsa.

Shekara huɗu ke nan. Duk zuwa gaisuwa sai Baba ya tambaya, "Ɗana, yaya littafinmu?" Shekarar farko Na-Gama ya ce ya gama. Ta biyu ya ce yana maimaitawa. Yanzu ya kai ga "zagaye na uku nake, Baba." Tsohon sai ya ce madalla, ya ɗan dubi aljihun teburinsa, ya kawo wata hirar. Littafin kuwa yana shago, a ƙarƙashin guntuwar ƙafar teburin da injin fotokwafi yake kai, yana aikin da bai taɓa gazawa a kansa ba ko sau ɗaya.

To, guruf ɗin nan mutum ashirin da shida ne, kuma ya daɗe da rabewa biyu. Rabi na son labarin soyayya, jagorarsu Anti Tela, wadda ita ta buɗe guruf ɗin, mace mai harshe kamar almakashinta. Rabi na son labarin 'yan sandan ciki, jagoransu Mai Kemis. Duk ƙarshen wata sai an yi rigima wajen zaɓe, in an zo tattaunawa kuma babu abin da za ka gani sai sitika da "littafi ya yi daɗi." Wata safiya Anti Tela ta gaji, ta rubuta cewa wanda yake da shawarar gyara ya kawo, in ba haka ba ita za ta rufe abin ta huta.

Na-Gama ya ga dama ta samu. Ya rufe shago rabi, ya tsaya gaban madubin mai aski ya gyara hula, duk da saƙon murya zai aika. Saƙon ya yi minti goma sha tara, dokoki goma sha huɗu.

"Matsalarmu," in ji shi a ciki, "ita ce akwai masu karatun bangon baya a cikinmu. Ban kama suna ba. Amma ni da littafi yake wucewa ta hannuna safe da yamma, ina gane su daga jimlar farko."

Dokar farko, zaɓe da maki: kowa ya jera littattafai uku, na farko maki uku, na biyu maki biyu, na ƙarshe ɗaya, kuma a fili, kowa na ganin na kowa. Doka ta biyar, tattaunawa da kiran bidiyo, kowa ya ɗaga littafinsa a ga alamar hannu a jiki. Ta bakwai, a zuba sunaye a hula a girgiza, takardar da ta fara faɗowa mai ita ne zai yi bayani. Ta takwas, wanda ya fi kowa shekaru shi zai faɗi lambar shafi, daga tsakiya, ban da babin farko da na ƙarshe. Ta tara, wanda ya kasa a fitar da shi wata guda. Ta goma sha huɗu, ba a taɓa waɗannan dokoki sai bayan shekara, ko da wanda ya kafa su ne ya nema.

In ka tambaya me ya kai ɓera ɗana tarko, amsar ita ce Na-Gama ya riga ya yi lissafi. Shi zai riƙe hula, mutum ashirin da shida ne, kuma littattafan da aka saba zaɓa ba sa wuce shafi ɗari da hamsin. Abin da ya hango kawai shi ne Baba yana jin saƙon yana gyaɗa kai.

Anti Tela ta amsa da layi ɗaya: "Mun ji. Tunda kai ka haifi abin, kai za ka goya shi." Ta mai da shi admin.

Aka kawo littattafai. 'Yan soyayya suka kawo nasu, 'yan bincike suka kawo nasu, aka rasa na uku. Na-Gama ya ce a ransa ga wurin burga kyauta. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya leƙa ya kwafo sunan littafin gada daga gefensa, ya tura, ya ƙara da cewa, "Wannan ba na kowa ba ne, amma na sa shi don a san akwai irinsa." Ya tabbata ko mahaukaci ba zai zaɓi shafi ɗari bakwai ba. Nan take Mai Kemis ya sa wa littafin suna Bulo.

Abin da Na-Gama bai lissafa ba shi ne ƙiyayya. 'Yan soyayya sha biyu suka sa nasu farko, suka jefa na 'yan bincike ƙarshe don mugunta, sai Bulo ya samu tsakiya. 'Yan bincike sha biyu suka rama daidai wa daida, Bulo ya sake samun tsakiya. Da aka haɗa sai littattafan uku suka yi kunnen doki. Saura mutum biyu. Baba ya ba Bulo maki uku, ya rubuta, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na-Gama ya zauna yana kallon wayar. Zaɓe a fili yake, dokarsa ce. Ina zai sa littafin surukinsa in ba farko ba? Da yatsansa ya ɗora wa kansa dutsen.

"Wa ya zaɓi wannan abin?" in ji Anti Tela.

"Babu wanda ya zaɓe shi," in ji Mai Kemis. "Tsari ne ya zaɓa."

"To a tambayi mai tsari ko zai zo ya taya ni ɗinki, don wata guda ba ya isa Bulo da kayan mutane."

Na-Gama ya rubuta, "Wannan shi ne amfanin tsari na ilimi." Sannan ya kifa wayar ya dafe kai.

Aikin farko shi ne ciro littafin. Ya sa kafaɗa ya ɗaga teburin, ya ja Bulo da ƙafa, teburin ya koma kan guntuwar ƙafarsa da ƙarfi, injin ya karkace, murfin tawada ya buɗe, baƙin gari ya tashi ya sauka a kan farar rigarsa da takardun wata malamar asibiti da ke jira. Mai Aski ya leƙo da reza a hannu.

"Maƙwabci, gobara ce?"

"Karatu ne."

Mai Aski ya ɗauki littafin ya juya shi. A tsakiyar bangon gaba akwai rami zagayayye, daidai faɗin ƙafar tebur, mai zurfin da zai riƙe ruwan shan tsuntsu.

"Wannan fa?"

"Wurin babban yatsana ne. Yawan riƙo."

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Mai Aski. "Amma kar ka ƙara ba ni hannu."

Tun daga ranar injin ya riƙa fitar da takardu a karkace, kowane layi yana gangarowa kamar zai zube, sai da ya tura kwalin takarda a wurin, shi ma bai zauna kamar Bulo ba.

Sai karatu. Na-Gama ya raba shafukan, ya ga ashirin da biyar a rana za su fitar da shi. Ranar farko ya yi shida, barci ya ɗauke shi a kan kanta, wani ɗalibi ya tashe shi. Rana ta biyu ya koma farko don ya manta wane ne kakan wane, ya yi huɗu. Rana ta uku ya gwada karatu a tsaye, ya gano cewa mutum na iya barci a tsaye. Ya nemi taƙaitaccen bayani a intanet, bai samu komai ba sai hoton sabon bugun da sauran 'yan guruf suka saya. Bayan mako biyu ya sake lissafi, ya ga yanzu sai ya yi shafi arba'in da tara a rana, ya rufe littafin ya nufi kemis.

"Na zo in ɗan gwada ka ne," ya ce wa Mai Kemis, "a matsayina na admin. Me ka fahimta game da tsakiyar?"

Mai Kemis ya ci gaba da jera kwalaye. "Tsakiyar ai ita ce littafin. Kai me ka gani?"

"Ni ai na gani sau uku. Naka nake so in ji."

"Abin da ya faru da wannan mutumin ne ya dame ni."

"Wane daga ciki?"

"Wanda abin ya faru da shi mana."

"Ai wannan," in ji Na-Gama yana girgiza kai, "bai cancanci haka ba."

"Ko kaɗan."

Suka tsaya suna kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya saki ko da suna ɗaya ne. Babu wanda ya saki, don babu mai shi. Na-Gama ya sayi maganin ciwon kai ya fita.

Da yamma ya rubuta a guruf cewa bayan dogon nazari, ya ga doka ta takwas ta yi wa masu rauni tsauri, yana ba da shawarar a sassauta. Anti Tela ta koma saƙonsa na dokoki. Ta yanko daidai wurin da muryarsa take cewa "ko da wanda ya kafa su ne ya nema," ta tura sau uku a jere. Baba ya biyo da cewa, "Kar ka tausaya mana, ɗana. Doka ta yi kyau."

Bayan mako guda, a gida, matarsa, wadda ita ma tana guruf kuma tana ɓangaren 'yan bincike, ta same shi a falo ya tasa Bulo gaba kamar mai jinya.

"Maigida, ka je ka faɗa wa Baba gaskiya. Ba ya cizo."

"Wace gaskiya?"

"Wadda na sani tun satin farko, da na ga kana karanta littafi daga baya kamar mai neman lambar waya."

"Ke ba ki gane ba. Mutumin nan kallon mai ilimi yake min. Babu wanda ya taɓa min wannan kallon. In na faɗa masa, da wane ido zan ƙara shiga falon nan?"

Ta ga da gaske tsoro yake ji. Sannan ta ce, "To ka karanta."

"Saura kwana tara."

"Da ka fara ranar da aka ba ka, da rabin shafi a rana ya ishe ka."

Bai karanta ba. Ya koma ga abin da ya iya, wato sarrafa takarda. In doka ta biyar na son alamar hannu, za ta ga alamar hannu. Ya lanƙwasa bayan littafin a wuri goma har ya yi ƙara. Ya naɗe kusurwoyi. Ya ɗora kofin shayi a shafuka daban-daban don ya bar zobe. Ya sayi biro kala uku, shuɗi na karatun farko, baƙi na biyu, ja na uku. Kwana uku yana zaune a bencin Mai Aski, suna musun ƙwallo, yana buɗe littafin daga gefe ba tare da ya duba ba, yana ja wa layuka layi, yana rubutu a gefe: "Gaskiya ne." "Duniya ke nan." "A nan na yi kuka." "Wannan marubuci akwai barkwanci."

"Me ya ba ka dariya a nan?" in ji Mai Aski.

"Ba za ka gane ba sai ka karanta abin da ya gabata."

"Kai ka karanta?"

"Maganar ƙwallo muke yi."

Da ya gama, Bulo ya yi kama da littafin da ya yi yaƙi ya dawo. Na-Gama ya dube shi, ya ji wani alfahari na gaske, har ya fara jin kamar ya san mutanen ciki.

Saura hula. Ranar Asabar, kafin la'asar, ya yanka takardu ashirin da shida, ya rubuta sunaye, ya nannaɗe. Ashirin da biyar ya zuba a cikin hular. Tasa kuwa ya cusa ta a bayan naɗin bakin hular, inda ba za ta haɗu da 'yan'uwanta ba. Ya jingina wayar da tulin takardu a kan kanta, ya sa sabuwar riga, ya jera wasu kundayen ɗalibai a bayansa don su yi kama da laburare. Mai Aski ya sallami mutum na ƙarshe da ya zo aski, ya jawo kujera bakin ƙofa, ya ce shi ɗan kallo ne.

Fuskoki suka cika allon wayar. Anti Tela na gaban kekenta, tef a wuya. Mai Kemis ya ɓoye rabin fuskarsa a bayan kwalin magani. Matar Na-Gama tana falon gidansu. Baba kuwa ya matso da wayarsa kusa har ba a ganin komai sai tabarau da farin gemu.

Na-Gama ya buɗe taro da jawabin minti goma a kan mutuwar al'adar karatu. Sannan ya ce kowa ya ɗaga littafinsa. Aka ɗaga sababbi fes, wasu da alamar takarda a kusa da farko. Ya ɗaga nasa a ƙarshe, a hankali, yana juya shi don a ga tabon shayi.

"Wannan karatu aka yi masa ko duka?" in ji Anti Tela.

"Anti, littafin da aka so haka yake komawa."

Ya ɗauki hula. "Doka ta bakwai. Takardar da ta fara faɗowa. Babu sani babu sabo." Don a ga adalci, ya ɗaga ta sama ya girgiza da ƙarfi. Takardu ashirin da biyar suka yi ta tsalle a cikin zurfin hula, babu wadda ta kai baki. Wadda take bakin tun farko, ba ta da wata tafiya mai nisa. Ta zame daga naɗin, ta faɗo a kan kanta, ta gangara ta tsaya daidai gaban kyamara.

Na-Gama ya san ta. Shi ya naɗe ta da kyau fiye da sauran.

"Wannan iska ce ta..."

"Babu sani babu sabo," in ji Mai Kemis, wanda yanzu ya fito da fuskarsa gaba ɗaya, yana murmushin wanda mota ta wuce ta gefensa.

Mai Aski ya miƙo hannu ya warware takardar, ya nuna wa waya. Guruf ya kaure da tafi.

Na-Gama bai fid da rai ba. Duk shafin da aka faɗa, zai buɗe, ya karanta layin da ya ja wa layi da murya mai nauyi, ya ce wannan jimla ita ce zuciyar littafin, ya yi ta zagaye har lokaci ya ƙare. Ya taɓa fita daga ramin da ya fi wannan.

"Baba, ku ne babba. Ku ba mu shafi."

Tabarau ya ɗan ja baya. Baba, kamar mai shawara da kansa, ya ce, "Ɗari huɗu da goma sha bakwai."

"Ɗari huɗu da sha bakwai," in ji Na-Gama yana lasar yatsa. "Wuri mai daɗi. Baba kun iya zaɓe."

Ya buɗe. Ɗari uku da casa'in. Ya ƙara. Ɗari uku da casa'in da tara, ɗari huɗu. Ya juya. Casa'in da bakwai.

Ya koma baya. Ɗari huɗu. Ya juya. Casa'in da bakwai, casa'in da takwas. Ya damƙo shafuka da yawa ya juya, ɗari da arba'in da huɗu, sai kuma ɗari huɗu da arba'in da tara. Ya girgiza littafin, kamar shafin zai faɗo yadda takardar ta faɗo.

"Lafiya?" in ji Anti Tela.

"Sabis ne yake ɗan..."

"Muna ganinka tar. Har zufarka."

Mai Aski, wanda babu wanda ya sa shi, ya leƙo ta kafaɗarsa. "Jama'a, littafin nan shafi na casa'in da bakwai biyu gare shi. Ga ɗaya a gaba, ga ɗaya a tsakiya." Ya sa yatsu a duka biyun. "A na farko ya rubuta da shuɗi, 'A nan na yi kuka.' A na biyu ya rubuta da ja, 'Wannan marubuci akwai barkwanci.'"

Anti Tela ta buɗe nata. "Casa'in da bakwai dai na wuce shi. Mutum ne yake liƙe tayar keke tun daga sama har ƙasa."

"To da farko tayar ta ba shi tausayi," in ji Mai Kemis. "A zagaye na uku ya gane wasa ne."

Dariyar da aka yi sai da wayar ta riƙa shaƙewa. Wani ya faɗo daga allon gaba ɗaya. Na-Gama ya buɗe baki zai ce babban littafi kowane karatu da fuskar da yake nuna maka, har jimlar ta haɗu a harshensa, sai ya ga Baba ba ya dariya. Tsohon ya ajiye wayar a kan tebur, ana ganin silin, ana jin ƙarar aljihun tebur. Da ya dawo, yana riƙe da wata ambulan mai ruwan ƙasa.

"Laifin maɗaba'a ne, ɗana," in ji Baba, a hankali. "Kwafin nan haka ya zo, babu shafi arba'in da takwas a cikinsa. Kafin in ba ka, na aro mai kyau a laburare, na sa aka yi mini fotokwafinsu."

Ya zaro wasu takardu da aka ɗinke da farin zare, da shuɗin bango. A kusurwar bangon akwai hatimin shago. Na-Gama bai bukaci a matso da shi ba.

"Kai ka ɗauka, kai ka ɗinke," in ji Baba. "Ɗinki mai kyau kuwa, har yau bai saki ba. Na ce ba zan haɗa maka da su ba, ranar da ka kai ɗari huɗu da ƙafarka za ka zo kana faɗa, mu zauna mu yi hirar gadar nan. Ni ban taɓa samun wanda zan yi hirarta da shi ba."

Babu wanda ya ƙara dariya. Anti Tela ta sunkuyar da kai tana gyara zaren da ba ya bukatar gyara. Na-Gama ya ji kunya irin wadda ba ta da wurin ɓuya, kuma abin da ya fi ƙona shi ba tonon asirin ba ne. Duk "madalla" ɗin nan na shekara huɗu, ashe tsohon ya sani, yana dai duban aljihun tebur yana jira.

"Baba," ya ce, muryarsa ta koma ƙarama, "shafi shida na yi."

"Na gode da ka faɗa."

Anti Tela ta ɗago kai daga kekenta. "To admin, doka ta tara fa? Ko mu kira maka ta goma sha huɗu?"

Nan ma sai da ya sha wata wahalar, don bai san yadda admin yake fitar da kansa ba. Ya danna nan ya danna can, ya fitar da Mai Kemis bisa kuskure, ya dawo da shi, ya ba shi haƙuri. Daga ƙarshe matarsa ce ta yi masa kwatance daga falo, mataki-mataki, a gaban mutum ashirin da biyar da mai aski. Ya mayar wa Anti Tela da kujerarta, ya danna, allon ya yi baƙi.

Mai Aski ya ɗauki kujerarsa. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Maƙwabci, in ba ka bukatar Bulon, kujerar askina ma tana rawa."

"Ina bukata," in ji Na-Gama.

Washegari da hantsi ya tsaya ƙofar falon surukinsa, littafin a hammata, ya fi minti biyar yana goge takalmin da ya riga ya cire. Baba ya ce ya shigo. Bai yi maganar jiya ba. Ya nuna masa kujera kusa da taga, ya ce idanunsa sun fara gajiya da ƙananan haruffa, in ba damuwa a riƙa karanta masa shafi goma kullum kafin a buɗe shago. Ambulan ɗin tana kan tebur, ya ɗora tabarau a kanta.

"Daga ina za mu tashi?" in ji Baba.

Na-Gama ya gyara zama. "Daga na bakwai, Baba, tunda shida na farko na riga na..."

"Wa ya rasu a shafi na uku?"

Na-Gama ya dubi taga, ya dubi silin, ya dubi ramin da ke bangon littafin. Sannan ya lashi yatsa ya koma shafi na ɗaya.

Baba ya jingina ya lumshe ido, ya dafa ambulan ɗin da hannu ɗaya. "Yi a hankali, ɗana. Kwana arba'in ne kawai tsakaninka da ita."